Gaskiyar Kimiyya da Zaɓen 'Yan Wasa a Labarin Sararin Samaniya: Nazarin Tauraruwa Mai Wutsiya da The Martian

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim a shekarar 1976, juya ƙagaggen labari daga takarda zuwa majigi ya zama sananniyar hanya a adabin Hausa. An bi wannan hanya da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1994, da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1998, da wasu da dama. Sai dai galibin waɗannan labarai a doron ƙasa suke gudana, wato a gida da kasuwa da fada, wuraren da mai kallo ya san yadda al'amuransu ke tafiya. Akwai wani nau'in labari da masu shirya finafinan Hausa ba su cika kusantarsa ba, shi ne labarin da ke faruwa a sararin samaniya, duk kuwa da cewa adabin Hausa ya mallaki irinsa tun shekarar 1969.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa labarin sararin samaniya, musamman wanda jigonsa neman tsira da rai ne, ya dogara ga abu guda, wato amincewar mai karatu ko mai kallo. Abubuwa biyu ne ke samar da wannan amincewa: kiyaye dokokin halitta a cikin zubin labarin, da kuma zaɓen 'yan wasan da suka dace idan an zo mayar da shi fim. Domin tabbatar da haka, an ɗauki littattafai biyu, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da The Martian na Andy Weir, wanda aka mayar fim a 2015.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar tauraro tana ɗauke da ma'anoni uku da duk suka shafi wannan nazari. Akwai tauraron da ake hange a sama da dare, akwai tauraron labari kamar yadda manazarta adabi ke kiran mutanen cikin littafi, sannan akwai tauraron fim, wato shahararren ɗan wasa. Domin kauce wa ruɗani, za a riƙa cewa tauraron sama, da tauraron labari, da ɗan wasa.

Abin da ake nufi da gaskiyar kimiyya a nan shi ne marubuci ya gina abubuwan da ke aukuwa a labarinsa bisa abin da bincike ya tabbatar game da iska da ruwa da nauyi da nisa da lokaci. Labarin tsira kuwa shi ne wanda tauraronsa ya faɗa cikin halin da zai iya halaka shi, ba shi da abokin gaba sai yanayin wurin da ya sami kansa. A irin wannan labari yunwa da ƙishirwa da ƙarewar numfashi su ne ke tsayawa a matsayin da dodo ko mugun waziri ke tsayawa a tatsuniya.

3.0 Sararin Samaniya a Adabin Hausa

Bahaushe ya daɗe yana ɗaga kai yana lura da sama. Yana da sunayen taurari irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma sun riƙa lissafin manzilolin taurari 28 domin sanin shigowar damina da hunturu da bazara. Amma tunanin ɗan'adam ya shiga na'ura ya je can da kansa, a shekarun 1960 ya bazu, ta hanyar rediyo da jarida. A ranar 20 ga Yuli, 1969, 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata cikin kumbon Afolo 11. Wannan al'amari ya bar tabo a harshen Hausa. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa, haka kuma ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara aka laƙaba masa suna afolo, sunan da ya bi shi har yau.

A cikin wannan shekara ta 1969 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Littafin ya ƙunshi labarin wani yaro mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya yi yawo da shi, ya ga abubuwan al'ajabi. Manazarta sukan lissafa shi a matsayin na farko a cikin ƙagaggun labaran kimiyya na Hausa. Idan aka dubi zubinsa za a ga dangantakarsa da labaran tafiye-tafiye irin su Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi: tauraron labari yana barin gida, yana haɗuwa da mai taimako wanda ya fi shi sani da iko, yana ganin abubuwan mamaki, sannan ya koma da darasi. Abin da Dembo ya sabunta shi ne ya ɗauke fagen labarin daga daji da biranen aljanu ya kai shi sama.

Wannan ya nuna cewa Kilba ɗan rakiya ne mai kallo da koyo, ilmi da iko kuma suna hannun jagoransa. Saboda haka mai karatu ba ya tsayawa tambayar yawan iskar da ta rage ko abincin kwana nawa aka ɗauka, domin ba a kan waɗannan aka ɗora labarin ba. Wannan tsari ne da ya dace da manufar littafin ta nishaɗantarwa da tarbiyya, kuma daidai nan ne ya sha bamban da labarin tsira.

4.0 Gaskiyar Kimiyya a The Martian

Andy Weir masanin tsara manhajar kwamfuta ne ɗan Amurka. Ya fara sakin labarinsa babi-babi a shafinsa na intanet, inda masu karatu, cikinsu har da masana, suka riƙa nuna masa kurakurai yana gyarawa. Kamfanin Crown ya buga littafin a 2014. Labarin ya shafi Mark Watney, masanin tsirrai kuma injiniya, wanda abokan tafiyarsa biyar suka bari a duniyar Mas, wadda Larabawa ke kira Mirrih, bisa zaton ya mutu a cikin wata guguwa. Ya farka shi kaɗai, ba hanyar sadarwa, kuma tawaga ta gaba sai bayan kimanin shekara huɗu za ta iso, a wani wuri mai nisan kilomita 3,200 daga inda yake.

4.1 Abinci da Ruwa

Ƙarfin littafin yana cikin lissafi. Abincin da ya rage zai ishi mutum shida kwana 50, wato kwana 300 ke nan ga mutum ɗaya. Ko da ya tsuke ciki, ba zai kai shi shekara huɗu ba. Daga wannan lissafi ne noma ya zama dole. Sai ya kwaso ƙasar Mas zuwa cikin ɗakinsa, ya gauraya ta da bayan gida domin ta sami taki da ƙwayoyin halittar da shuka ke buƙata, ya shuka dankalin Turawa. Noma kuma ya haifar da buƙatar ruwa. Ya samo ruwan ne daga man roka mai suna haidirazin, wanda ake iya raba shi zuwa iskar naitirojin da ta haidirojin. Idan aka ƙona haidirojin da iskar oksijin, abin da ke fitowa ruwa ne. Wannan haɗi gaskiya ne, haɗarinsa ma gaskiya ne, domin a cikin labarin ya yi kuskuren lissafi har abin ya fashe da shi. Ke nan kowace mafita tana haifar da sabuwar matsala, kuma a kan wannan sarƙa aka gina zubin littafin gaba ɗaya.

Batun noman ya ja hankalin masana. A 2016 Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima, ƙasar Peru, tare da haɗin gwiwar hukumar NASA, ta gwada shuka dankali a busasshiyar ƙasa mai gishiri daga hamadar Peru, cikin wani akwati da aka kwaikwayi wasu yanayoyin Mas a ciki. A 2017 ta ba da sanarwar cewa dankalin ya tsiro.

4.2 Nisa da Sadarwa

Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, amma duk da haka yakan ɗauki kimanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mas daga Duniya, gwargwadon inda kowace take a falakinta. Wato a lokacin da suka fi nisa, tsakanin sallama da jin amsarta sai an yi zaman kusan minti 44. Marubucin bai tsallake wannan doka ba, sai ma ya mayar da ita makamin jan hankali, domin ita ce ta sa ba wanda zai iya ba Watney umarni a daidai lokacin da haɗari ya taso. Hanyar da ya bi ya sami sadarwa ita ma tana da tushe. Ya tono na'urar Pathfinder, wadda NASA ta saukar a Mas a ranar 4 ga Yuli, 1997, ya kewaye kyamararta da alamomi 16, mutanen Duniya suna juya kyamarar tana nuna alama biyu-biyu a madadin kowane harafi.

4.3 Inda Aka Saɓa wa Kimiyya

Babban abin da ya saɓa wa kimiyya shi ne guguwar da ta buɗe labarin. Littafin ya ce gudunta ya kai kilomita 175 a awa, har ta nemi kayar da roka. Amma matsin iskar Mas bai kai kashi 1 cikin 100 na ta Duniya ba. Saboda haka iska mai wannan gudu a can, ƙarfin turinta bai wuce na mai gudun kilomita 20 zuwa 25 a awa a nan ba, wato kamar iskar hunturun da ke kaɗa shanya a kan igiya. Weir da kansa ya amsa cewa da saninsa ya yi haka, domin yana son yanayin wurin ya zama shi ya fara kai hari.

Haɗarin ƙurar Mas na haƙiƙa shi ne tare hasken rana. A watan Yuni na 2018 ƙura ta lulluɓe duniyar, motar bincike mai suna Opportunity ta rasa wutar da take samu daga rana, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Nijeriya ma ta ɗanɗani irin wannan asara ta wata fuskar, lokacin da tauraron ɗan'adam na sadarwa NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayu na 2007, ya daina aiki a Nuwamba 2008 saboda lalacewar faifan da ke tara masa hasken rana. Littafin ya kawo irin wannan guguwa ta biyu mai rage wa Watney wuta a kan hanyarsa, amma masu fim suka cire ta, suka bar wadda ta fi kyan kallo.

Abu na biyu shi ne ƙasar noman. Na'urar Phoenix ta gano a 2008 cewa ƙasar Mas tana ɗauke da sinadarin fakulorat, wanda ke hana jiki amfana da aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo. Ana iya wanke shi da ruwa, amma labarin bai kula da shi ba. Na uku kuma ya shafi fim ɗin ne: nauyin abu a Mas kashi 38 ne cikin 100 na nauyinsa a Duniya, amma ɗan wasan yana tafiya kamar yadda kowa ke yi, domin a hamadar Wadi Rum ta ƙasar Jodan aka ɗauki hotunan waje.

Darasin da ke nan shi ne mai karatu yakan yafe wa marubuci ƙarya guda a bakin ƙofar labari, muddin bayan ta an kiyaye doka. Abin da ba ya yafewa shi ne a karya doka a lokacin ceto, domin idan wata mu'ujiza ce za ta fitar da tauraron labari daga ƙangi, duk lissafin da aka sha wahalar bi ya tashi a banza.

5.0 Zaɓen 'Yan Wasa

5.1 Babban Tauraron Labari

Kaso mai yawa na littafin kundin bayanan yau da kullum ne da Watney ke rubutawa. Marubucin fim ɗin, Drew Goddard, da daraktansa, Ridley Scott, sun mayar da kundin zuwa jawabin da yake yi a gaban kyamara. Wannan ya ɗora wa ɗan wasa nauyi iri uku. Dole ya riƙe hankalin mai kallo shi kaɗai ba tare da abokin magana ba. Dole ya furta bayanin kimiyya kamar wanda ya san abin da yake faɗa. Dole kuma ya iya barkwanci ba tare da ya mantar da mai kallo cewa mutuwa tana kusa ba. An ba Matt Damon wannan matsayi, shekara guda bayan ya fito a matsayin wani ɗan sama jannati da ya maƙale a wata duniya cikin fim ɗin Interstellar na 2014. Wasan da ya yi ya sa an saka sunansa cikin masu takarar lambar Oska, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 600 a gidajen silima.

Abin lura a nan shi ne gaskiyar kimiyya ba ta isa ga mai kallo sai ta bakin ɗan wasa da fuskarsa. Mai kallo ba zai ɗauki alƙalami ya bi lissafin haidirojin ba. Yana yarda ne saboda ya ga mai maganar ya yarda, ya ga hannunsa yana aiki kamar hannun da ya saba.

5.2 Asali da Ƙabila

An sami taƙaddama a kan taurarin labari biyu. A littafi, shugaban shirin zuwa Mas sunansa Venkat Kapoor, mai asali daga Indiya. A fim an mayar da shi Vincent Kapoor, aka ba Chiwetel Ejiofor, wanda aka haifa a Landan a 1977, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo daga Nijeriya. Domin sunan ya dace da fuskar, sai aka sa ya bayyana cewa mahaifinsa mabiyin addinin Hindu ne, mahaifiyarsa kuma Kirista. Ta biyu ita ce Mindy Park, ma'aikaciyar da ta fara gano daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa Watney yana raye. Masu karatu da yawa sun ɗauke ta 'yar asalin Koriya saboda sunanta, amma aka ba Mackenzie Davis, Baturiya 'yar Kanada. Ƙungiyar MANAA, mai sa ido kan yadda ake nuna Amurkawa 'yan asalin Asiya a finafinai, ta yi suka a kan duka biyun a 2015.

Wannan taƙaddama ta nuna cewa mai karatu yakan zana wa tauraron labari kama a zuciyarsa daga suna da lafazi, ko da marubuci bai siffanta shi ba. Ta kuma nuna cewa zaɓen ɗan wasa yana amsa wata tambaya da ta wuce fim ɗin, wato wane ne al'umma ke ɗauka zai iya zama masanin kimiyya. Yaron da ya ga mai kama da shi yana jagorancin cibiyar binciken samaniya ya sami abin da littafin makaranta ba zai ba shi ba.

6.0 Darasi ga Fim ɗin Hausa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da abubuwa huɗu ga duk mai niyyar kai fim ɗin Hausa sama.

Na farko, a tantance nau'in labarin. Idan Tauraruwa Mai Wutsiya za a juya, labarin al'ajabi ne, kuma ƙaƙaba masa lissafin iska da abinci zai sauya masa kama. Duk da haka akwai abubuwan da ido zai gani waɗanda ya kamata su zo daidai. Alal misali, tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, wutsiyarta kuma kullum tana fuskantar ɓangaren da ke nesa da rana, ko ina ta nufa. Idan kuwa sabon labarin tsira za a ƙirƙira, to wajibi ne ceto ya fito daga ilmi da haƙuri da dabarar tauraron labarin. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, domin Bahaushe ya san manomi yakan yi addu'a kuma ya riƙe fartanya.

Na biyu, a tuntuɓi masana, kamar yadda masu The Martian suka tuntuɓi NASA. Masanan ba su yi nisa ba. Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, an kafa ta a 1999, cibiyarta kuma tana Abuja a kan hanyar filin jirgin sama. Ita ta mallaki NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumba 2003, kuma injiniyoyinta da suka sami horo a Ingila ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a Agusta 2011. Hedkwatar Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, wadda tasharta ta Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a shekarun 1980, tana unguwar Garki a wannan birni. Ke nan masu ilmin da masu kafar yaɗa shi suna zaune a gari ɗaya.

Na uku, a duba dacewa kafin shahara. A finafinan Hausa mai kallo yakan ɗaure ɗan wasa da irin rawar da ya saba takawa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, alal misali, da zarar ya bayyana an fara dariya tun bai buɗe baki ba. Irin wannan sabo yana da amfani a wasan barkwanci, amma yana iya rushe labarin da ke buƙatar a ji tsoron mutuwar tauraronsa. Matsayin Kilba yana buƙatar yaro na gaske wanda mamaki zai bayyana a fuskarsa, na Kolin Koliyo kuma yana buƙatar wanda murya da motsinsa za su nuna baƙunta ba tare da ya koma dodon tatsuniya ba. Akwai abin koyi a Shaihu Umar, inda Umaru Ladan, wanda tare da Dexter Lyndersay ya mayar da littafin wasan kwaikwayo, ya kasance cikin manyan 'yan wasan fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni. Wanda ya san labari ciki da waje ya fi iya ɗaukarsa.

Na huɗu, a shirya harshe. Hausa ta riga ta mallaki kumbo da falaki da tauraron ɗan'adam da 'yan sama jannati. Amma kalmomin matsin iska da rashin nauyi da jinkirin saƙo suna buƙatar daidaitawa kafin a sa su a bakin ɗan wasa. Idan ya koma Ingilishi duk lokacin da zancen ilmi ya taso, fim ɗin zai koya wa mai kallo cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'i.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kwatanta labaran sararin samaniya biyu da shekara 45 ke tsakanin bugunsu. An ga cewa Tauraruwa Mai Wutsiya ya gaji zubin labaran al'ajabi inda taimako ke zuwa daga waje, The Martian kuma ya ɗora tsirar tauraronsa a kan lissafi, in ban da guguwar farko da 'yan wasu wurare. An kuma ga cewa idan labari ya koma fim, ɗan wasa ne ke isar da wannan gaskiya ga mai kallo, kuma asalinsa da sabon da aka yi da shi suna shiga cikin ma'anar labarin. Adabin Hausa yana da littafin, ƙasar tana da masanan, masana'antar fim kuma tana da 'yan wasan. Abin da ya rage shi ne a haɗa marubuci da injiniya da masanin harshe a kan rubutu ɗaya tun kafin a ɗauki kyamara.